Zaɓen Tayar Motar Gudu da Adana Ta a Ƙasa Mai Zafi: Misali daga Ƙofar Dawanau

Gabatarwa

Ƙofar Dawanau tana ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Kano. Tana tsakanin Ƙofar Waika da Ƙofar Ruwa, tana duban arewa maso yamma, watau wajen garin Dawanau da hanyar Katsina. A zamanin da, fatake ne ke ratsa wannan nahiya da jakuna da takarkarai. A yau kuwa motoci ne suka gaje su: manyan motoci masu jigilar hatsi daga kasuwar Dawanau, da ƙananan motocin haya masu zuwa Bichi da Tsanyawa da Kankiya da Katsina, har Jibiya da Maraɗi. A cikin waɗannan akan ga wasu irin motoci na masu hali, gajeru, masu ƙarfin inji da faffaɗan tayoyi, waɗanda aka ƙera domin gudu a kan titunan Turai da Amurka. Su ne za a riƙa kira motocin gudu a cikin wannan lacca.

Masu irin waɗannan motoci a ƙasashen sanyi suna da matsala guda wadda ke dawo musu kowace shekara, watau yadda za su zaɓi tayar da ta dace da gudu, da yadda za su adana ta idan sanyi ya shigo. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa matsalar tana nan a Kano, amma da wata fuska dabam. A can sanyi ne abokin gabar taya. A nan kuwa zafi ne, da tsufa, da ramukan hanya. Saboda haka duk wanda ya ɗauko shawarar Turai ɗungurungum ya ɗora a kan titin Katsina, ya yi aron rigar da ba a ɗinka don jikinsa ba.

Asalin taya da yadda take aiki

Kalmar taya ararriya ce daga Ingilishi, kamar yadda birki da sitiyari da jak suke, kuma ta zauna daram a Hausa har ta yi jam'i, tayoyi. Abin da kalmar ke nufi kuwa ya samu ne mataki-mataki. A shekarar 1844 Charles Goodyear na Amurka ya sami takardar mallakar dabarar dafa roba da farar wuta, wadda ta sa roba ta daina narkewa da zafi ko sandarewa da sanyi. A 1888 John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi a birnin Belfast, ya haɗa tayar keke mai iska a ciki. A 1946 kamfanin Michelin na Faransa ya fito da tayar da ake kira radiyal, wadda zaren cikinta ya ratsa daga gefe zuwa gefe, aka kuma yi mata ɗamara da wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin zanenta. Kusan dukkan tayoyin ƙananan motoci na yau irin wannan gini ne da su.

Abin lura na farko shi ne, duk girman mota da tsadarta, wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce misalin tafin hannun mutum ba. Ta waɗannan tafuka huɗu ne ƙarfin inji ke isa ga kwalta, ta nan birki ke kamawa, ta nan kuma sitiyari ke juya mota. Masu dawaki sun san haka tun tuni, domin mai sayen doki yakan duba kofato kafin ya yi zancen sirdi da linzami.

Abin lura na biyu shi ne, taya tana lanƙwasa ne a duk juyin da ta yi. Inda ta taɓa ƙasa takan baje, da ta ɗaga sai ta koma yadda take, wannan lanƙwasa kuwa ita ke haifar da zafi a cikin robar. Tayar ƙaramar mota takan juya kusan sau 500 a kilomita guda. Idan ana gudun kilomita 100 a awa, tana juyawa kusan sau 14 a kowace daƙiƙa, daga Kano zuwa Katsina kuwa, tafiyar kimanin kilomita 170, za ta juya wajen sau 85,000. To, idan aka haɗa wannan zafi na cikin taya da zafin kwalta a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi kan kai digiri 40 a inuwa, za a gane irin wahalar da roba ke sha. Idan zafin ya wuce kima, sai ɗamarar ƙarfe ta rabu da robar, zanen ya ɓare ko taya ta fashe.

Duniya ta ga misalin wannan a shekarar 2000, sa'ad da kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6 da rabi daga kasuwa a Amurka, bayan haɗurran da suka ci rayuka masu yawa, galibinsu a motocin Ford Explorer. An lura cewa yawancin haɗurran sun auku ne a jihohi masu zafi na kudancin ƙasar. Wannan ne ya jawo dokar da ta tilasta sa na'urar gargaɗin ƙarancin iska a sababbin motocin Amurka daga 2007.

Rubutun da ke kuiɓin taya

Kowace taya tana ɗauke da tarihinta a rubuce a kuiɓinta, sai dai kaɗan ne daga masu saye ke tsayawa su karanta. Alal misali, a ɗauki tayar da aka rubuta wa 225/45 R17 91W. Lamba ta farko, 225, faɗin taya ne da milimita. Ta biyu, 45, tana nufin tsayin kuiɓi kashi 45 cikin 100 ne na faɗin, watau kimanin milimita 101. Harafin R yana nufin radiyal, 17 kuma faɗin rim ne da inci. Lambar 91 ta nauyi ce, tana nuna taya za ta iya ɗaukar kilo 615. Harafin ƙarshe shi ne na gudu: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270, Y kuwa 300.

Mai tambaya na iya cewa, me ya haɗa direban Kano da tayar kilomita 270, alhali iyakar gudun da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya ta yanka wa ƙananan motoci shi ne kilomita 50 a cikin gari, 80 a kan babbar hanya, 100 kuma a kan tagwayen hanyoyi na gudu? Amsa ita ce, harafin gudu ma'aunin juriyar zafi ne. An gwada taya ne a kan na'ura, aka ga iya gudun da za ta jure ba tare da zafi ya lalata ta ba. Saboda haka bai kamata a sa wa mota tayar da harafinta ya gaza wanda maƙera motar suka rubuta ba, ko da mai ita ba ya gudu. Haka nan akwai wani rubutu da ke nuna darajar juriyar zafi da haruffa A, B, C. A ƙasa irin Kano, mai harafin A ce ta dace da motar gudu.

Rubutu mafi muhimmanci kuwa shi ne na ranar haihuwar taya. Yana ƙarshen jerin haruffa da lambobin da suka fara da DOT, lambobi ne huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan aka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Wadda aka ga lambobi uku kawai a jikinta, an yi ta ne kafin shekarar 2000. Roba tana tsufa ko da ba a hau ta ba, domin iska da rana da zafi suna busar da ita har ta tsattsage. Wasu kamfanonin motoci suna ba da shawarar a canza taya bayan shekara 6. Kamfanin Michelin ya ce a riƙa bincikarta kowace shekara bayan ta cika 5, kada kuma ta wuce 10. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin direbobin Nijeriya da cewa wa'adin taya shekara 4 ne daga ranar da aka yi ta. Lissafin ya sha bamban, amma duk sun haɗu a kan abu guda: zafi yana gaggauta tsufan roba, don haka shekarun taya a Kano sun fi na Jamus nauyi.

Zaɓen taya don titin Kano

Tayoyin motar gudu iri uku ne a taƙaice. Akwai ta filin tsere, mai laushin roba da ƙarancin zane. Tana kama busasshiyar kwalta ƙwarai da gaske, amma tana cinyewa da wuri, kuma a kan ruwa ba ta da amana. Akwai tayar bazara ta gudu, wadda aka yi domin titi, mai manyan kwaroron zane masu fitar da ruwa. Sa'an nan akwai tayar kowane lokaci, wadda aka yi wa tsaka-tsakin hali domin ta ɗan jure sanyi. Ga mazaunin Kano ta biyun ce ta fi dacewa, domin a ma'aunin Turawa shekarar Kano duk bazara ce, ga kuma damina daga Yuni zuwa Satumba, wadda ruwanta kan kwanta a kan tituna, musamman a watan Agusta.

Aikin zane shi ne ya kori ruwa daga ƙarƙashin taya. Idan zane ya suɗe, ko gudu ya yi yawa, sai taya ta hau kan ruwa ta daina taɓa kwalta, a sa'an nan birki da sitiyari duk ba su da amfani. Dokar ƙasashen Turai ta sa milimita 1.6 a matsayin mafi ƙarancin zurfin zane, kuma akwai 'yan tudu a cikin kwaroron kowace taya masu nuna an kai wannan iyaka. Amma mai hankali ba ya shiga damina da zanen da ya gaza milimita 3, musamman a faffaɗar taya, domin ruwan da za ta kora ya fi yawa.

Sai batun tsayin kuiɓi, wanda a nan ne ƙawa ke yaudarar samari. Tayar 195/65 R15 da ta 225/45 R17 da ta 225/40 R18 kusan tsayinsu ɗaya ne idan an tsayar da su, amma kuiɓin ta farko milimita 127 ne, na ta biyu 101, na ta uku 90. Duk sa'ad da rim ya ƙara girma, sai kuiɓi ya ragu. Gajeren kuiɓi yana sa mota ta amsa sitiyari nan da nan, ta kuma tsaya da kyau a kwana. To amma kuiɓi shi ne matashin da ke tsakanin rim da bakin rami. Idan mota ta faɗa rami da gudu, sai rim ya datse kuiɓin, zaren ciki ya tsinke, bayan 'yan kwanaki a ga kumburi kamar ƙwai a gefen taya. Tayar da ta kumbura ta gama aiki, ba ta da faci. Saboda haka idan maƙera mota sun ba da zaɓin rim biyu ko uku, mafi ƙanƙanta daga cikinsu shi ya dace da hanyar Bichi da lungunan birni.

Akwai wasu ƙa'idoji kuma da ya kamata mai mota da mai faci su sani. Wasu tayoyin gudu suna da kibiya a kuiɓi mai nuna wajen da za su juya, wasu kuma an rubuta gefen da zai dubi waje, idan aka juya su sai korar ruwa ta ragu. Motocin gudu da yawa tayoyinsu na baya sun fi na gaba faɗi, don haka ba a musanya su. Kada a haɗa tayoyi iri biyu a gaba ko a baya. Idan kuɗi bai kai na huɗu ba aka sayi biyu, a baya ake sa sababbin, domin idan gaba ya zame direba na iya gyarawa, amma idan baya ya zame sai mota ta juya da shi. Faci kuwa a kan fuskar zane kaɗai ake yinsa, idan hujin bai wuce milimita 6 ba, kuma sai an cire taya an liƙe ta ciki.

Tayar sanyi da kasuwar gwanjo

A farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antun taya biyu a Nijeriya, ta Dunlop a Ikeja da ta Michelin a Fatakwal. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop kuma ta daina yin taya a 2008. Daga nan ƙasar ta dogara ga tayoyin waje, sababbi da na gwanjo. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su, amma duk wanda ya zaga kasuwannin kayan mota ya san ba su yanke ba. Daɗin daɗawa, motocin da ake kawowa na hannu daga Turai da Amurka da Kanada sukan iso ne da tayoyin da aka sa musu a can.

A nan ne sanyin Turai ya shafi Kano kai tsaye. A ƙasashen sanyi akwai tayar da aka yi musamman don dusar ƙanƙara. Robarta tana da laushi domin kada ta sandare idan ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 7, kuma an tsattsaga zanenta da ƙananan layuka masu yawa. Jamus ta wajabta amfani da ita a kan ƙanƙara tun 2010, lardin Kebek na Kanada kuma tun 2008. A Ostiriya doka ba ta lissafa ta a tayar sanyi idan zanenta ya gaza milimita 4, a sauran ƙasashe ma haka ake ba da shawara. Ke nan Bature yakan yar da tayar sanyi alhali zanenta na nan da sauransa. Idan ta iso kasuwa aka wanke ta aka shafe ta da baƙin mai, sai mai saye ya ga zane raɗau da sunan babban kamfani, ga kuma araha, ya ɗauka ya yi tsintuwa.

Amma robar da aka yi don ƙanƙara, idan ta hau kwaltar Afrilu, sai ta yi laushi fiye da kima. Tana cinyewa da sauri, tana tara zafi, birki yana ƙara nisa kafin mota ta tsaya, ga shi kuma harafin gudunta sau da yawa bai kai wanda motar gudu ke bukata ba. Gane ta ba wuya. Akwai hoton dutse mai ƙololuwa uku da tauraron ƙanƙara a cikinsa a kuiɓinta, ga kuma yawan tsagar nan a zane. Haruffan M+S su kaɗai ba su isa shaida ba, domin ana samunsu a tayoyin kowane lokaci. Har ila yau akwai masu sassaƙa sabon zane da wuƙa a kan suɗaɗɗiyar taya, wanda hakan ke kusantar da kwalta ga wayoyin ciki. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A sha'anin taya kuwa abin ya wuce ado, domin motar da tayarta ta gaba ta fashe tana gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma a gefen hanyar akwai masu babura da 'yan makaranta da masu talla.

Iska tsakanin hunturu da bazara

Iska ce ke ɗauke da nauyin mota, taya mazubinta ce kawai. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a murfin tankin mai, kuma a yawancin ƙananan motoci yakan kasance tsakanin 30 da 36 a gejin masu faci. Lambar da ke kuiɓin taya kuwa iyaka ce wadda ba a wucewa. Ana auna iska ne da safe kafin mota ta yi tafiya, kuma da geji, domin bugun taya da ƙarfe ko danna ta da yatsa ba ya nuna kome a tayar radiyal mai gajeren kuiɓi.

Iska tana raguwa da kusan 1 a geji duk sa'ad da zafin gari ya sauka da digiri 5 ko 6. A Kano asubahin hunturu, a Disamba da Janairu, yakan sauko wajen digiri 12, alhali la'asar ɗin Oktoba tana haura 30. Ke nan tayar da aka cika da rana a ƙarshen damina za ta wayi gari cikin hunturu da ƙarancin 3 ko 4, ban da abin da ke zurarewa a hankali kowane wata. Akwai kuma wata al'ada ta rage iska da bazara, wai don kada zafi ya fasa taya. Wannan kuskure ne mai haɗari. Taya mai ƙarancin iska ta fi lanƙwasa, wadda ta fi lanƙwasa ta fi zafi, ita ce kuma ke fashewa. Idan aka auna taya bayan doguwar tafiya aka ga iskar ta hau, a bar ta, za ta sauka da kanta idan ta huce.

Adana taya da ajiye mota

A ƙasashen sanyi mai motar gudu yakan cire tayoyin bazara ya kai su ɗaki, domin robarsu tana sandarewa, har takan tsage idan aka motsa ta cikin sanyin da ya kai digiri 7 ƙasa da sifiri. Hausawa mazauna Kanada ko Jamus sai su kiyaye wannan. Hunturun Kano bai kai nan ba, don haka babu dalilin canza taya saboda shi. Lokacin da motar gudu ke zaman gida a Kano shi ne damina, saboda ƙasanta gajere ne ba ta iya ratsa ruwa, ko kuma sa'ad da mai ita ya yi doguwar tafiya. Wasu ma ba sa fito da ita sai da salla ko biki.

Motar da ta daɗe a tsaye, tayarta takan baje a wurin da ta taɓa ƙasa, sai a ji sitiyari yana rawa idan an tashe ta. Maganin wannan shi ne a ƙara iska kaɗan bisa abin da aka rubuta, a ajiye motar a inuwa a kan daɓe mai tsabta, a riƙa gusar da ita bayan mako biyu ko uku. Idan zaman zai kai watanni, a ɗaga ta a kan matokarai. Ranar da za a fito da ita a mai da iskar daidai, a duba kuiɓi ko ya tsattsage.

Tayar da aka cire kuwa, a wanke ta da ruwa da sabulu, a bari ta bushe sarai, a rubuta mata da alli wurin da aka ciro ta, a sa ta a babbar leda a ɗaure. A ajiye ta a ɗaki mai duhu da sanyi. Soron ƙasa irin na cikin birni ya fi shagon kwano nesa ba kusa ba. Wadda ba ta da rim a tsaye ake jingine ta, ana juya ta wata-wata. Wadda ke kan rim ana iya kwantar da ita a jera, ko a rataye ta. A nisanta ta da fetur da man juye, da janareta da injin walda, domin tartsatsin lantarki yana haifar da iskar ozon mai cin roba. Wannan ƙa'ida ta shafi 'yan kasuwa ma. Sabuwar tayar da ta shekara a bakin titi tana shan rana da ƙurar hunturu ta fara tsufa tun ba a saye ta ba. Tayar safaya ita ma tana tsufa a cikin but, kuma ita aka fi mantawa da ita.

Kammalawa

Abin da ya gabata ya nuna cewa zaɓen taya yana bukatar mai saye ya karanta abu biyar kafin ya biya kuɗi: girma, da lambar nauyi, da harafin gudu, da ranar da aka yi ta, da kuma ko akwai hoton dutse da ƙanƙara. Karatun ba ya cin minti biyu. Adana ta kuma yana bukatar inuwa, da geji, da dubawa sau ɗaya a wata.

Akwai aiki a kan hukumomi, watau Hukumar Kiyaye Haɗurra da hukumar kula da ingancin kaya da kwastan. Akwai aiki a kan ƙungiyoyin direbobi da na masu faci, waɗanda ta hannunsu kowace taya ke bi. Akwai kuma aiki a kan masana harshe da gidajen rediyo, domin bayanin da ke kuiɓin taya da Ingilishi yake, masu amfani da shi kuwa a Kurna da Dawanau da Bichi da Hausa suke ciniki. Idan haɗari ya auku akan ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma mutanen da suka faɗi wannan su ne kuma suka ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sauka lafiya.